Fim ne ya lalace, ko kuwa mai kallon ne ba ya nan?

 

Batun da na ɗauko mana a wannan mako zai iya ba wasu mamaki, don za a ce me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da zancen fim. Ku biyo ni ku ji dalili.

Kwanakin baya wata baiwar Allah, wadda zan kira Maman Ilham don in sakaya sunanta, ta shigo kantin maganin da nake aiki a Agege, goye da jaririya 'yar wata huɗu. Ta ce in ba ta maganin ƙarin jini mai ƙarfi, domin kasala ta dame ta. Ina cikin duba mata sai talabijin ɗin da ke manne a bango ya hasko tallar wani fim mai dogon zango. Ta ja tsaki ta ce, "Anti, 'yan fim ɗin nan sun lalace. Da ko tuwo nake tuƙawa sai na ajiye muciya in an fara shirin da nake bi. Yanzu kuwa in an kunna ji nake kamar ana buga mini gwangwani a ka."

Na ce, "Maman Ilham, a cikin tsofaffin wanne ya fi burge ki?" Ta faɗi sunansa. Na ce, "Kin sake kallonsa kwanan nan?" Ta ce ta kunna shi a waya shekaranjiya, ko minti goma ba ta yi ba ta kashe.

A nan na ajiye kwalbar maganin na jawo mata kujera. Wancan tsohon fim dai shi ne, ba a ƙara masa komai ba, ba a rage ba. Idan ya daina yi mata daɗi, to canjin daga wajenta yake. Za mu dawo kan labarinta a gaba.

Ni ma abin ya taɓa faruwa da ni. Wata ranar Alhamis na shafe awa uku a cunkoson motoci kafin in isa gida. Ƙanwar maigidana ta matsa sai mun kalli wani fim da ta daɗe tana yabo. Na kalla ina hamma, ina amsa saƙonni, na yanke masa hukunci cewa shirme ne, har ranta ya ɓaci. Bayan mako biyu, ranar Lahadi da la'asar, na huta na ci na ƙoshi, sai na sake cin karo da shi. Kafin a kai ƙarshe ina share hawaye da gefen mayafi. Dole na kira ta na ba ta haƙuri.

Rabin fim yana cikin kan mai kallo

Mun saba ɗaukar kallo a matsayin zaman banza: ka zauna, a zuba maka. Amma ƙwaƙwalwa aiki take yi tuƙuru. Ita ke riƙe sunayen mutane da dangantakarsu, ita ke tuna abin da aka faɗa a kashi na uku don ta gane abin da ke faruwa a kashi na goma, ita ke hasashen abin da zai biyo baya, kuma ita ke karanta fuskokin jarumai ta ba su ma'ana.

Masu shirya fim sun daɗe da sanin haka. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani mai shirya fim a Rasha mai suna Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar wani jarumi wadda ba ta nuna komai, ba fara'a ba fushi. Ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton yarinya a akwatin gawa, sannan da hoton wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka riƙa yaba ƙwarewar jarumin: ga yunwa a fuskarsa, ga baƙin ciki, ga so. Alhali fuskar guda ce. Mu kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wajen kallo sau da yawa zuciyar mai kallon ce ke rubuta wa fuskar labari.

A shekarar 2008, wani masani mai suna Uri Hasson da abokan aikinsa a Jami'ar New York ta Amurka sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna kallon finafinai daban-daban. Da aka nuna musu wani shiri na shahararren darakta Alfred Hitchcock, kusan kashi 65 cikin 100 na ɓawon ƙwaƙwalwar masu kallon ya riƙa aiki iri ɗaya a lokaci ɗaya, kamar ana kaɗa musu ganga guda. Da aka nuna musu hoton mutane suna kai da komo a wani dandali, ba labari ba tsari, daidaituwar ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Ma'ana, fim mai kyau yana riƙe hankali ya ja shi inda yake so. Sai dai waɗancan mutane a kwance suke cikin na'ura, babu waya a hannunsu, babu yaro mai kuka, babu tukunya a kan wuta. Fim ba ya jan hankalin da ba a miƙa masa ba.

Taura biyu ba ta taunuwa

Akwai wani sanannen gwaji da Daniel Simons da Christopher Chabris suka yi a Jami'ar Harvard a 1999. Sun nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo na matasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, wasu da fararen riguna wasu da baƙaƙe, aka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana tsaka da wasan sai wani ya ratso cikinsu sanye da rigar goggon biri, ya wuce ta tsakiyar fili. Da aka gama aka tambaye su, kusan rabin masu kallon ba su ga birin ba. Idonsu a buɗe yake, yana kan allon, amma hankalinsu yana wajen ƙirga.

To idan mutum zai iya rasa goggon biri alhali yana kallon allon, ina ga wanda idonsa ma yana kan WhatsApp? Abin da muke kira yin abu biyu a lokaci ɗaya, a gaskiya tsalle ne hankali yake yi daga wannan zuwa wancan, kuma duk tsalle ɗaya akwai abin da ke zubewa. Ka sunkuya ka amsa saƙo na daƙiƙa talatin, a cikinsu ne jaruma ta yi wa kishiyarta wani kallo da shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Ka ɗago, ka ga an fara rigima, ka ce labarin ba shi da kan gado.

Ko babu waya ma, hankali mai yawo ne. A 2010 wasu masana biyu na Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban me suke yi, me suke tunani, kuma yaya suke ji. Sun gano cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, tunanin mutane ba ya kan abin da suke yi. Sun kuma gano cewa mutane sun fi rashin jin daɗi a lokacin da hankalinsu ya tafi yawo. Uwargidan da ke zaune gaban talabijin tana lissafin kuɗin makarantar yara da na haya, jikinta ne kawai a falo.

Wannan ya sa nake ɗan jinkirtawa idan na ji manya suna cewa finafinan da sun fi na yanzu. Mai yiwuwa wasunsu sun fi ɗin. Amma a duba yadda ake kallo a da. Mahaifina yakan ba mu labarin zuwa silima a Kano, irin su Plaza da Marhaba da Eldorado, inda za a zauna wa fim ɗin Indiya na awa uku, ba a jin yaren, amma a fito ana ba da labarinsa tiryan-tiryan. Mutum ya yi wanka ya sa kaya, ya biya kuɗin tikiti, ya zauna cikin duhu, ba abin da ke gabansa sai majigi. A nan Agege ma sunan Pen Cinema ya rage a bakin direbobi da fasinjoji, shaidar wancan zamani. Haka lokacin kaset, gida guda ke da bidiyo, yaran unguwa su cika tsakar gida, wanda ya yi surutu a kore shi. Yau kuwa Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in duk suna cikin tafin hannu, ana kallo a cikin mota, a kicin, a layin banki, ana tsallake wasu wurare don tsimin data. Abin kallo ya yawaita, natsuwar kallon ce ta yi ƙaranci.

Halin da zuciya ke ciki

Duk wanda ya taɓa zazzaɓin cizon sauro ya san yadda baki ke ɗaci, a kawo maka abincin da ka fi so ka ce mai girkin ta ɓata shi. Haka zuciya take da fim. Wanda ya shigo gida da ɓacin rai, barkwanci yakan zame masa hayaniya. Wanda ke cikin fargaba, fim ɗin tashin hankali yakan ƙara masa bugun zuciya. Matar da ake shirin yi wa kishiya ba za ta kalli fim ɗin kishi da idon da budurwa za ta kalle shi ba.

Wani masanin sadarwa mai suna Dolf Zillmann ya yi bayani tun a shekarun 1980 cewa mutane suna zaɓen abin kallo ne don su gyara yanayin da suke ciki, ko da ba su san suna yin hakan ba. Wanda zaman kaɗaici ya gundura yakan nemi mai motsa jini, wanda ya gaji da hayaniya yakan nemi mai kwantar da rai. Matsalar gidajenmu ita ce talabijin ɗaya ne, zukata kuwa da yawa. Maigida ya dawo daga kasuwa kansa ya yi zafi, so yake a yi shiru ko a sa labarai. Uwargida ta yini a gida ba ta yi magana da babba ko ɗaya ba, so take a sa abin da za a kalla a yi sharhi. Rigimar rimot da yawa daga nan take tasowa, kowa yana neman maganin abin da ke damunsa ne, ɗayan kuma yana ganin rashin kulawa ce.

Wanda kake kallo tare da shi ma yana da tasiri. Masanin nan Robert Provine, wanda ya shafe shekaru yana nazarin dariya, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 idan yana cikin mutane a kan idan yana shi kaɗai. Shi ya sa barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro da ya sa ku riƙe ciki a gidanku kuna yara, in ka kunna shi kai kaɗai da abin ji a kunne, da ƙyar ka murmusa. Haka kuma mutum ɗaya mai kushe, wanda kowace fitowa sai ya ce "ƙarya ce wannan", ya isa ya kashe wa falo guda armashi.

Sai kuma zuzutawa. Idan an cika maka kunne da yabon fim, kana zama ne da ma'auni a hannu, kana jiran abin mamaki. Ko fim ɗin mai kyau ne, da wuya ya kai inda ka ajiye masa.

Barci, yunwa da shayi

Babban mutum yana buƙatar barcin da bai gaza awa bakwai ba a dare. Mazauna Legas da yawa da ke fita kafin asuba su dawo bayan isha ba sa samun haka. Ƙarancin barci yana rage iya tsayar da hankali, yana sa saurin fushi, yana kuma dushe jin daɗin abubuwa. Ga shi kuma finafinai masu dogon zango an gina su ne a kan a yanke labari a daidai inda rai zai biya. Sai a ce bari in ƙara kashi ɗaya, har ƙarfe biyun dare. Gobe a tashi a gajiye, da dare a sake zama gaban allo da gajiyayyar ƙwaƙwalwa, a ce fim ɗin ya fara ja da baya.

Wasu sukan nemi taimakon shayi mai kauri ko kofi ko goro ko lemon ƙara kuzari don ido ya buɗe. Duk waɗannan suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda jiki ke ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabinsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa shan miligiram 400 na kafeyin awa shida kafin kwanciya ya rage wa mutane barci da fiye da awa guda. Wato shayin da ka sha da magariba yana nan a jininka ƙarfe goma sha biyun dare.

Yunwa da ƙishi ma suna hana natsuwa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, idan ya ji rawar jiki da gumi da jin haushi ba dalili yana zaune, kada ya ɗora wa fim laifi, ya auna sukarinsa. A ɗaya gefen kuma, cin abinci ido na kan allo yana sa a ci fiye da ƙima, don hankali bai lura da ƙoshi ba.

Kada mu manta da ido da kunne. Dattijon da ya fara cewa 'yan fim na yanzu ba sa buɗe baki su yi magana, ko kullum sai ya ƙure ƙarar talabijin, a kai shi a duba masa kunne. Wadda kanta ke ciwo duk lokacin da ta bi rubutun fassara a ƙasan allo, ta je a auna idonta.

Abin da ke cikin kwalin magani

Nan ne fagena, kuma nan ne mutane ba su cika kawo wa a rai ba. Magunguna da yawa da ake sha yau da kullum suna taɓa natsuwa da yanayin zuciya.

Na farko su ne magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton da Phenergan. Suna shiga ƙwaƙwalwa su sa gyangyaɗi da nauyin kai, wani lokaci har washegari. Yawancin magungunan mura da ake haɗa sinadarai da yawa a ƙwaya ɗaya suna ɗauke da irinsu. Haka ma da yawa daga cikin magungunan buɗe ciki da wasu mata ke sha don su yi ƙiba, danginsu ɗaya da Piriton, shi ya sa mai shan su take yini tana barci. Akwai sababbin magungunan ƙaiƙayi da atishawa irin su loratadin da ba su cika sa barci ba, a tambayi mai magani.

Na biyu, sinadarin buɗe hanci da ke cikin wasu magungunan mura yana yin akasin haka: bugun zuciya, rashin sukuni, da hana barci. Haka magungunan rage kumburi irin su deksametason, waɗanda wasu ke sha ba bisa ƙa'ida ba don ƙiba ko hasken fata, suna iya kawo saurin fushi da rashin barci da sauyin hali, ban da hawan jini da hawan sukari.

Na uku, Aldomet da ake yawan ba masu juna biyu don hawan jini yana iya sa kasala da gyangyaɗi, wasu ma ya sa musu ƙuncin rai. Valium da danginsa suna dusashe hankali da tunawa. Wasu magungunan ciwon damuwa kuma sukan sa mai shan su ya ji kamar an rage wa zuciyarsa ƙara, ba ya baƙin ciki sosai, ba ya farin ciki sosai.

Gargaɗi a nan: duk wanda likita ya ɗora a kan magani, musamman na hawan jini ko farfaɗiya ko damuwa, kada ya daina da kansa don ya karanta wannan shafi. Ya koma ya yi bayani. Sau da yawa canja lokacin sha ko rage yawa ko sauya wani ya wadatar, amma likita ne zai yanke.

Sai waɗanda ke sha da gangan wai don kallo ya yi daɗi. Maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayun 2018, da tiramol da makamantansu, sukan ba da wani ɗan jin daɗi na ƙarya a farko. Daga baya ƙwaƙwalwa ta saba, har ya zama babu abin da ke yi wa mutum daɗi sai da su: ba fim ba, ba abinci ba, ba hira da iyali ba. Iyaye, idan matashi ya koma kulle kansa a ɗaki da waya da kwalbar lemo, yana magana a sanyaye, yana barcin rana ba ƙa'ida, a lura.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangare shi ne wanda ya fi ci mini rai. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, uwa ta zo neman maganin mura na ruwa alhali yaron ba ya mura, so take ya yi barci ta samu sararin kanta. Na san gajiyar raino, ni ma uwa ce. Amma wannan ganganci ne. Phenergan ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, domin yana iya danne masa numfashi har a rasa shi. Irin waɗannan magunguna kuma a wasu yaran sukan juye su sa su fitina da kuka maimakon barci. Babu shirin da ya kai numfashin ɗanki.

Idan komai ya daina daɗi

Mu koma kan Maman Ilham. Da ta zauna na ce mata, "Ban da fim, me kuma ya daina yi miki daɗi?" Ta yi shiru, sannan ta fara lissafi. Abinci sai dai ta tura. An yi bikin ƙanwar ƙawarta ba ta je ba, ita da ba ta ƙin taro. Kitso ma sai da mijinta ya yi magana. Ko jaririyar ta yi barci ita ba ta iya runtsawa. Ta ce, "Anti, wani lokaci sai in ga kamar ban iya uwa ba." Sai hawaye.

Gushewar jin daɗin abubuwan da mutum ya saba so tana ɗaya daga cikin manyan alamomi biyu na ciwon damuwa. Ɗayar ita ce ƙuncin zuciya da ba ya yayewa. Idan ɗaya daga cikinsu ya kai mako biyu, kusan kullum, tare da sauyin barci ko cin abinci, da kasala, da kasa tsayar da hankali, da yawan ganin laifin kai, to lokacin ganin likita ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da ba su daɗe da haihuwa ba suna fama da larurar da ta shafi ƙwaƙwalwa, akasari ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20.

Wannan ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma ana warkewa. Ba raki ba ne, ba rashin godiya ba ne. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo ma suna iya kawo irin wannan kasala bayan haihuwa, shi ya sa gwaji ya fi saye-sayen maganin ƙarin jini a kan hasashe. Ana iya farawa daga asibitin da ake awo ko rigakafin yara. Akwai kuma asibitocin ƙwararru na Gwamnatin Tarayya irin na Yaba a Legas, da na Aro a Abeokuta, da na Barnawa a Kaduna. Wanda kuwa ya fara tunanin cutar da kansa ko jaririnsa, wannan ba ya jiran gobe, a kai shi asibiti a ranar.

Ga yadda za a bambance. Wanda gajiya ce kawai ke damunsa, in ya samu barci na kwana biyu uku, daɗin abubuwa yakan dawo. Wanda wani fim ne bai yi masa ba, wani zai yi masa. Amma wanda komai ya zame masa lami, mako da makonni, shi ne abin dubawa.

Yara fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Yaro ba ya raba wasa da gaskiya kamar babba, don haka fitowar duka ko aljanu da kika manta da ita kafin ki kwanta, shi tana iya hana shi barci. Idan za su kalla, a zauna tare da su, a tambaye su me suka gane. Kuma yaron da aka saba miƙa wa waya duk lokacin da ya yi kuka, ba ya samun damar koyon rarrashin kansa.

Abin da za a gwada a gida

Kafin ka kunna, tambayi kanka halin da kake ciki. Idan gajiya ce, barci ya fi. Idan ɓacin rai ne, a zaɓi mara nauyi, a ajiye mai nauyin sai ranar hutu.

A ajiye waya nesa da hannu, ko a ɗaki na daban. A gwada da kashi ɗaya kawai a ga bambanci.

A yanke adadin da za a kalla tun kafin a fara, a kashe kamar awa ɗaya kafin lokacin kwanciya. Shayi mai kauri da kofi da goro a bar su tun daga la'asar.

A ware dare ɗaya a mako na kallon iyali, a riƙa karɓa-karɓa wajen zaɓe, har yara su samu ranarsu.

Kada a yanke wa fim hukunci a daren da aka sha maganin mura. Haka kuma kada a tuƙa mota ko babur a wannan hali.

Idan ka lura wani naka ya daina son abin da ya saba so, kada ka ce ya cika tsirfa. Ka zauna ka tambaye shi.

Maman Ilham ba ta tafi da maganin ƙarin jini ba ranar. Na rubuta mata 'yar takarda ta kai wa likita, na kuma roƙe ta ta je da maigidanta don shi ma ya ji da kunnensa. An yi mata gwaji, jininta ya ɗan yi ƙasa, an kuma tabbatar tana da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Aka ɗora ta a kan magani da zaman tattaunawa, ƙanwarta ta zo daga gida tana kama mata raino.

Bayan kamar wata biyu ta leƙo sayen sabulun jarirai, an yi kitso an yi lalle. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Anti, yi sauri ki sallame ni, ƙarfe takwas ake farawa."

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A kula da lafiya, a kula da juna.